Taubasai ko Abokan Gaba? Tarihin Hamayyar Makarantu Biyu a Gari Ɗaya a Fagen Ƙwallon Kwando

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, zo mu zauna, zo mu saɓa. Duk inda aka sami manyan makarantu biyu a gari ɗaya, ɗalibansu na cin kasuwa ɗaya, suna hawa mota a tasha ɗaya, suna kama hayar ɗaki a unguwanni ɗaya, to, ba makawa wata rana sai kowane ɓangare ya so a ce shi ne gaba. Ilimi ba a auna shi a idon jama'a cikin sa'a biyu, amma wasa ana auna shi. Shi ya sa filin wasa ya zama wurin da irin wannan hamayya take bayyana ƙarara.

Mu ɗaliban da muka fito daga arewacin Jihar Yobe, wato daga Yusufari da Nguru da Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, muna da dalilin kula da wannan batu. Tun daga shekarar 2013, lokacin da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, garin ya zama mai ɗauke da manyan makarantu biyu, domin ta tarar da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman wadda ta riga ta zama a wurin. Manufar wannan maƙala ita ce mu waiwayi tarihin ƙwallon kwando da yadda ya iso ƙasarmu, sa'an nan mu bi labarin wata daɗaɗɗiyar hamayya tsakanin jami'o'i biyu na gari ɗaya a ƙasar Amurka, don mu ga abin da ta haifar na alheri da na sharri. Muna yin wannan ne a matsayinmu na 'yan kallo, masu tafi da shewa, domin tarihin zai nuna cewa bakin ɗan kallo yana da rabonsa a cikin duk abin da ya faru a fili.

Hamayya a Gidanmu

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu tuna cewa hamayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Nguru da Gashuwa kansu maƙwabta ne masu ji da kai. Nguru tana tinƙaho da kasancewarta mazaunin Galadiman Barno a zamanin da, da kuma hanyar jirgin ƙasa da ta iso ta daga Kano wajen shekarar 1930, wadda ta mayar da ita matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu. Ita kuwa Gashuwa tana alfahari da Kogin Yobe da kifinsa, da kuma fadar Mai Bade wadda ta taso daga Gogaram ta zauna a cikinta a shekarun 1940. Mu mutanen Yusufari, da tuddan rairayinmu na Tulo-Tulowa da kanwarmu da dabinonmu, kowane ɗayansu kasuwarmu ne, kuma mun saba jin ɗan wannan gari yana zolayar ɗan wancan.

Al'adarmu ta yi wa irin wannan zolaya suna da doka. Sunanta taubasantaka. Babarbare da Bafillace za su haɗu a tasha su faɗa wa juna maganganun da, in wani ne ya faɗe su, sai an kai ga hukuma, amma su sai su kwashe da dariya su rabu. Haka Bakano da Bazazzage, haka Bagobiri da Bayarabe. Dokar taubasantaka ita ce ba a fushi, ba a zagin iyaye, kuma ranar da taubashinka ya shiga uku kai ne na farko da za ka kai masa ɗauki.

A fagen wasannin gargajiya ma haka abin yake. A gidajen dambe an raba 'yan wasa zuwa Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowane ɓangare da makaɗansa da magoya bayansa, kuma ɗan damben da ya yi kisa yakan miƙa hannu ya tayar da wanda ya kayar. A ƙetaren iyakarmu, a Jamhuriyar Nijar, tun 1975 ake gasar kokawa ta neman takobi, inda jihohin ƙasar, har da maƙwabciyarmu Difa, suke karawa da juna. Da Turawan mulkin mallaka suka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, wadda daga baya ta koma Kaduna, sa'an nan Zariya, ta zama Kwalejin Barewa, sun zo da wasanninsu irin su kurket da ƙwallon ƙafa, suka kuma raba ɗalibai gida-gida domin su yi gasa. Daga nan ne hamayyar dandali ta shiga makarantun boko, ta sami alƙalin wasa da usur da allon rubuta maki.

Asalin Ƙwallon Kwando da Isowarsa Arewa

Ƙwallon kwando wasa ne da aka haifa a makaranta, don ɗalibai. A watan Disamba na 1891, wani malamin motsa jiki ɗan ƙasar Kanada mai suna James Naismith, wanda ke koyarwa a wata makarantar horar da matasa a garin Springfield na Amurka, ya nemi wasan da ɗalibansa za su yi a cikin ɗaki saboda tsananin sanyin hunturu. Ya samo kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace ya kafa su a jikin baranda, tsayin ƙafa 10 daga ƙasa, ya rubuta dokoki 13, ya raba ɗalibai 18 gida biyu, ya ba su ƙwallon ƙafa ya ce su jefa a kwando. Har yau tsayin kwandon bai canza ba, sai dai 'yan wasa sun koma biyar-biyar. An kafa hukumar wasan ta duniya a 1932, kuma ya shiga gasar Olamfik a birnin Balin a 1936.

Nijeriya ta shiga waccan hukuma a 1964, kuma makarantu ne suka reni wasan. A 1966 aka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a Ibadan, daga baya kwalejojin ilimi suka kafa tasu mai suna NICEGA, kwalejojin kimiyya da fasaha su ma suka kafa NIPOGA. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ita ce ta zama cibiyar wasan. Wani Ba'amurke mai suna Oliver B. Johnson, wanda aka fi sani da Koci OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da ɗalibai da yaran gari a filin Samaru. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kafa ƙungiyar Giants of Africa a 2003 don horar da matasan nahiyarmu, kuma yana shugabancin ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019.

Sakkwato ma tana da nata rabon a wannan tarihi. A ƙarshen shekarun 1970 wata makarantar horar da malamai ta Musulmi daga Legas ta je bikin wasanni a Sakkwato da wani dogon yaro ɗan wasan ƙwallon hannu. Aka roƙi a ara shi ga 'yan ƙwallon kwando, aka yarda. Yaron nan shi ne Hakeem Olajuwon, wanda ya tafi Jami'ar Houston, aka zaɓe shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 1984, ya kuma ci kofin gasar a 1994 da 1995. A Kano kuwa, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta ci kofin ƙasa sau da dama, ciki har da na 2016 da na 2017, kuma duk wanda ya taɓa shiga zauren wasanni na Ƙofar Mata ranar babban wasa ya san yadda Kanawa suke cika shi. Ƙungiyar maza ta ƙasa ta ci kofin Afirka a 2015, ta mata kuwa ta ci shi sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ta kuma kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024.

Akwai wani abu game da wannan wasa da ya kamata mu lura da shi tun yanzu. Filinsa ƙarami ne, tsawon mita 28 da faɗin mita 15. A ƙwallon ƙafa ɗan kallo yana nesa, ihunsa yakan ɓace a iska. A ƙwallon kwando kuwa tsakanin bakin ɗan kallo da kunnen ɗan wasa taku kaɗan ne. Duk abin da muka faɗa ana ji. Wannan kusanci shi ne daɗin wasan, kuma shi ne haɗarinsa.

Jami'o'i Biyu a Birnin Sinsinati

A birnin Sinsinati na Jihar Ohayo akwai jami'o'i biyu da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce mil 3 ba, wato kimanin kilomita 5. Ta farko ita ce Jami'ar Sinsinati, ta gwamnati, wadda asalinta ke komawa zuwa 1819, mai ɗimbin ɗalibai, launinta ja da baƙi. Ta biyu ita ce Jami'ar Xavier, ta 'yan Katolika, wadda aka kafa a 1831, ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada ta da maƙwabciyarta, launinta shuɗi. Ga babba ga ƙarami, ga ta gwamnati ga ta addini, kuma sau da yawa a gida ɗaya za a sami wa ya yi wannan, ƙane ya yi waccan.

Sun fara karawa a watan Maris na 1928, ranar da Xavier ta buɗe sabon zauren wasanta. Ta gayyaci maƙwabciyarta, ta kuma doke ta da maki 29 da 25. Daga nan ba su sake haɗuwa ba sai a farkon shekarun 1940, kuma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasan ya zama na kowace shekara. Aka raɗa masa suna Crosstown Shootout, wanda ma'anarsa ta yi kusa da harbe-harben cikin gari, domin kalmar da Turawa ke amfani da ita wajen jefa ƙwallo a kwando ita ce ta harba bindiga.

A farkon al'amari babbar ce ke da rinjaye. Gaskiya ne Xavier ta ci kofin gasar NIT a 1958, wanda a wancan zamani babban kofi ne, amma a daidai lokacin ne Sinsinati ta sami Oscar Robertson, wanda ya fi kowane ɗalibi a Amurka zuba maki shekara uku a jere, daga 1958 zuwa 1960. Bayan tafiyarsa jami'ar ta ci kofin jami'o'in ƙasar baki ɗaya a 1961 da 1962, ta kuma kai wasan ƙarshe a 1963. Shekaru da dama ɗaliban Xavier suna zuwa kallo suna komawa da baƙin ciki, amma ba su daina zuwa ba. Ko a wancan lokaci jini yakan hau, domin a wasan 1967 faɗa ya ɓarke tsakanin 'yan wasa biyu, har na Xavier ya fizgi sandar dogarawar wani ɗan kallo, aka kore su duka biyun.

Daga shekarun 1980 al'amari ya fara sauyawa. Xavier ta ɗauki mai horarwa Pete Gillen a 1985, Sinsinati ta ɗauki Bob Huggins a 1989, wanda ya kai ta cikin huɗun ƙarshe na ƙasa a 1992. Mutanen biyu ba sa ga maciji da juna. A watan Janairu na 1994 Xavier ta yi nasara da maki 82 da 76 bayan ƙarin lokaci, Gillen ya miƙa hannu don a gaisa kamar yadda al'adar wasan ta tanada, Huggins ya ƙi karɓa. Dubban ɗalibai suna kallo. A ganinmu wannan ƙin musafaha ya fi sakamakon wasan nauyi, domin malami ne ya koya wa ɗalibai a bainar jama'a cewa ana iya tashi daga fili da gaba a zuciya.

Ranar da ɗaliban Xavier ba sa mantawa ita ce 26 ga Nuwamba, 1996. A lokacin Sinsinati ce ta ɗaya a jerin jami'o'in Amurka duka, kuma a gidanta ake wasan. Ana kunnen doki, 69 da 69, saura daƙiƙoƙi kaɗan, sai wani ɗan wasan Xavier mai suna Lenny Brown ya kutsa ya jefa ƙwallo, ta faɗa kwando daidai da ƙarar tashi. Mai sharhin wasan a rediyo ya yi wata magana da ta zama kirari a garin, cewa ga ta ɗaya a ƙasa ta zama ta biyu a garinsu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin ya maimaita kansa a watan Disamba na 1999, lokacin da Sinsinati ta sake zama ta ɗaya, tana taƙama da Kenyon Martin, amma Xavier ta doke ta da maki 66 da 64. Afirka ma ta sa hannu a wannan hamayya, domin Romain Sato, ɗan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya yi wa Xavier wasa daga 2000 zuwa 2004, yana cikin waɗanda suka kai ta takwas ɗin ƙarshe na ƙasa a shekararsa ta ƙarshe.

A nan ne za mu fahimci amfanin maƙwabci mai ƙarfi. Ƙaramar jami'a ta dage ta gyara wasanta, ta gina sabon zaure mai cin mutum fiye da 10,000 a shekarar 2000, sunanta ya zagaye ƙasa, kuma wani ɓangare na dalilin wannan himma shi ne ba ta son a raina ta a garinsu. Ita ma babbar ta san cewa duk kofin da ta ciwo a waje, akwai rana ɗaya a shekara da za a tambaye ta a gida.

Ranar da Wasa Ya Zama Faɗa

Bahaushe ya ce baki shi ke yanka wuya. Ana gab da wasan 2011, wani ɗan wasan Sinsinati, Sean Kilpatrick, ya faɗa a wata hira ta rediyo cewa tauraron Xavier, Tu Holloway, ba zai sami gurbi cikin biyar ɗin farko na ƙungiyarsu ba. Maganar ta yaɗu a gari. Ranar 10 ga Disamba aka haɗu a zauren Xavier, ana ta musayar baƙaƙen maganganu tun kafin hutun rabin lokaci. Xavier ta yi nisa, tana da maki 76, abokiyar karawarta tana da 53. Wasa ya riga ya ƙare a zahiri, saura daƙiƙa 9 da 'yan kai, amma bakuna ba su yi shiru ba. Aka ture wani, 'yan benci suka zubo fili, Yancy Gates na Sinsinati ya kai wa Kenny Frease na Xavier naushi a fuska, ya faɗi jini na zuba. Alƙalai suka tashi wasan ba tare da an cinye lokacin ba. Duk ƙasar ta gani a talabijin.

Abin da ya biyo baya ya fi faɗan muhimmanci a wurinmu. A taron 'yan jarida wasu 'yan wasan Xavier sun yi maganganun da suka ƙara wa wutar fetur, suna kwatanta kansu da 'yan daba. Shi kuwa mai horar da Sinsinati, Mick Cronin, ya bayyana cewa ya sa 'yan wasansa sun tuɓe rigunan jami'ar a ɗakin sauya kaya, kuma ba za su mayar ba sai sun gane darajar makarantar da suke wakilta. An dakatar da 'yan wasa takwas, huɗu daga kowane ɓangare, jimillar wasanni 30. Gates da wasu biyu, ciki har da Cheikh Mbodj ɗan ƙasar Senegal, kowannensu ya rasa wasanni shida. Gates ya fito ya nemi gafara yana hawaye.

Sa'an nan hukuncin ya faɗo kan 'yan kallo. Shugabannin jami'o'in biyu suka ɗauke wasan daga harabar makarantu suka kai shi wani zaure a tsakiyar gari wanda ba na kowa ba, a 2012 da 2013. Suka cire kalmar harbi daga sunansa suka kira shi Crosstown Classic, suka kuma ware wani kaso na kuɗin shiga ga gidan tarihin 'yantar bayi da ke bakin Kogin Ohayo. Ɗalibin da bai nausa kowa ba ya rasa ranar da ya fi jira a shekara, ta ganin maƙwabci ya zo gidansu. Sai a watan Fabrairu na 2015 wasan ya koma harabar jami'a, tsohon sunansa ya dawo. Abin lura shi ne, a ƙarshen kakar da aka yi faɗan, jami'o'in biyu duka sun kai cikin 16 na ƙarshe a gasar ƙasa. Ashe gwanintar tana nan a ɓangarorin biyu, faɗan bai ƙara wa kowa maki ko ɗaya ba.

Abin da Ya Rage Gare Mu

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sharuɗɗan da suka haifi hamayyar Sinsinati ba su da wuyar ganewa: makarantu biyu a kusa da juna, bambancin girma da na asali, da kuma rana guda da ake haɗuwa kowace shekara. Biyun farko suna nan a garuruwanmu. A Gashuwa ga jami'ar tarayya ga kwalejin jiha, ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa, ɗaya tana ba da digiri ɗaya ta yi suna wajen yaye malamai. A Nguru ga kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci, kuma tafiyar da ke tsakanin garuruwan biyu ba ta cin yini. A Zariya ga Samaru da Kongo, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. A Kano ga Jami'ar Bayero da jami'o'in da suka biyo bayanta. Sharaɗi na uku, wato ranar haɗuwa, yana hannun shugabannin makarantu da ƙungiyoyin ɗalibai.

Muna ganin akwai dalilin da zai sa a so wannan rana. Yankinmu ya sha wuya. Hare-haren da aka kai wa makarantu a Mamudo da Gujba a 2013, da Buni Yadi a 2014, da sace 'yan matan Dapchi a 2018, sun sa iyaye da yawa a Jihar Yobe sun riƙa kallon makaranta da fargaba. Duk abin da zai tara jama'ar gari a harabar makaranta don farin ciki, ya sa yaron firamare ya ga yayyensa sanye da rigar makaranta ana yi musu tafi, yana taimakawa wajen mayar wa makaranta kwarjininta. Bugu da ƙari, ƙwallon kwando bai da tsada. Daɓen siminti da ƙarafa biyu da ƙwallo ɗaya sun isa, kuma Allah ya hore wa yankinmu dogayen samari da 'yan mata. Filin da ya reni Masai Ujiri a Zariya ma na sararin Allah ne.

Amma akwai abin tsoro, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba. Ɗalibanmu Badawa ne da Mangawa da Barebari da Hausawa da Fulani da Karekare da Ngizimawa da baƙi daga Kudu, Musulmi da Kirista. Idan zolayar fili ta bar rigar makaranta ta koma kan ƙabila ko addini ko asalin mutum, to, ba naushi ɗaya za ta haifar ba. Mun ga yadda jifa da kutsen magoya baya suka sha jawo wa ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na ƙasar nan tara da korar su daga filayensu. A Sinsinati an kwashe shekara biyu ana gyara ɓarnar daƙiƙa tara, alhali suna da 'yan sanda da kuɗi da dokoki a rubuce.

Saboda haka, daga tarihin da muka bi, muna iya tsamo wasu ƙa'idoji. Na farko, musafaha bayan wasa wajibi ce, kuma masu horarwa da malamai su ne za su fara, domin abin da aka ƙi yi a 1994 ɗalibai sun gani sun riƙe. Na biyu, wanda ya yi nasara shi ne ya fi cancanta ya kame bakinsa, domin faɗan 2011 ya tashi ne a lokacin da tazarar maki 23 ta riga ta raba gardama. Na uku, mai masauki shi ke da alhakin baƙonsa tun daga ƙofar makaranta har ya koma, ya ba shi ruwa da wurin salla da wurin zama. Na huɗu, mu 'yan kallo mu yi wa kanmu shugabanni waɗanda za su san waƙar da za a rera da wadda za a hana, kamar yadda gidan dambe yake da sarkinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma al'adar da aka kafa a wasan farko ita ce jikoki za su tarar.

Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga cewa ƙwallon kwando ya fito daga ajin makaranta a 1891, ya iso mu ta hanyar makarantu, kuma Zariya da Kano da Sakkwato sun ba da gudummawarsu a tarihinsa. Mun bi hamayyar jami'o'i biyu na birnin Sinsinati tun daga 1928, muka ga yadda ta ɗaga ƙarama ta hana babba barci, da yadda ta kusa hallaka kanta a 2011. Abin da Amurkawa suka koya bayan an zubar da jini, kakanninmu sun riga sun tsara shi a cikin taubasantaka: ka zolayi maƙwabcinka iyakar iyawarka, ka so ka kayar da shi, amma ka tuna cewa ba ka da wasa in babu shi. Ɗalibin Xavier yana bukatar Sinsinati ta yi ƙarfi, domin kayar da rago ba abin kirari ba ne. Haka ɗalibin jami'a a Gashuwa yake bukatar ɗan kwaleji, haka ɗan Nguru yake bukatar ɗan Gashuwa. Muna roƙon Allah ya ba makarantunmu zaman lafiya da filayen wasa, ya ba mu abokan hamayya masu ƙarfi, ya kuma ba mu bakin da zai iya yi musu barka ranar da suka fi mu.